Akun da Na Saya wa Innarku

Habu ya cuce ni, kuma da saninsa ya yi. Ya sayar mini da tsohon aku wanda ya san ba zai taɓa yin magana ba, alhali na gaya mishi don wa nake nemansa, sa'annan ya ɗauki abin ya mai da shi labarin ban dariya a gidan suna. Na sa wannan a farkon shafi don kada ɗayanku ya ce sai da ya yi tono kafin ya gane inda na dosa. Ke Rabi da kai Lawali, shekara da shekaru kuna jin dangi na cewa ubanku ya yanke zumunci saboda tsuntsu, kuma ban taɓa buɗe baki na kare kaina ba. Na gaji da jin kuna maimaita shi a bayan idona cikin ladabi. Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, aji huɗu na yi, mushe mai koya mana ya fasa mini leɓe da rula, ubana ya ce gona ta fi. Abin da ya rage a hannuna shi ne wanga rubutu mai karkata da kuke gani cikin kaye, littafin rubutun ƴan lakwal. Zai isa in faɗi abin da ya faru a shekarar da innarku ta kwanta.

Kun san Habu ɗan Goggo Ai ne, ƙanwar ubana, don haka taubashina ne. Abin da ba ku gani ba shi ne yadda muka tashi. Ya taɓa sa mini kwaɗo cikin aljihun rigar salla. Ya taɓa ɗauke takalmana a ƙofar masallaci ya rataya wa jakin liman a wuya. Ni ma ban bar shi ba, na zuba mishi barkono cikin garin taba ran da ya je gaida surukai, ya wuni yana atishawa a gaban uban yarinya. Haka ake yi. Taubashi ko ya ci mutuncinka a tsakiyar kasuwa dariya za ka yi, ka jira ranar ramuwa, kuma manya suka ce wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Kowace shekara in cika-ciki ya zo, shi da yake ɗan mace yakan zo da tsintsiya ya share ƙofar gidana yana zagina, maƙwabta na dariya, in fito in sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Bebe yake ce mini tun muna yara, don ba ni da yawan magana. Innarku kuwa matata ta aro yake ce mata, ita ta ce mishi sai ya fara wanke wuyansa. Ban taɓa jin zafin ko ɗaya cikin waɗannan ba.

Innarku Zulai ita ce bakin gidanmu. Tana magana da kaji, tana magana da awaki, tana yi wa tukunya faɗa in ta ƙi tafasa. In na dawo daga gona tun daga bakin rijiya nake jin muryarta, in san gida lafiya. Ni ina iya wuni ban yi kalma goma ba, kuma a haka muka zauna sama da shekara ashirin, ita ta faɗa, ni in ce to. Ba ta taɓa kama sunana ba, irin kunyar matan da. Malam take ce mini, ba don na yi karatu ba.

Da bazara abin ya same ta, tana tsaye a turmi da hantsi. Taɓarya ta suɓuce, ita ma ta bi ta. A amalanken maƙwabci muka kai ta likitar Korgom, majo mai duba marasa lafiya a can ya auna ya ce tansiyo ne, wato jini, ya hau, ya tura mu Tasawa. Da muka dawo hannun dama da ƙafar dama ba su motsi, baki ya karkace gefe ɗaya, magana ta tafi. Duk cikin tarin kalmomin da matar nan ke zubarwa a wuni abu ɗaya ya saura, rabin sunan da take kirana da shi. Sai ta ja numfashi ta ce ma, ta tsaya, ta sake ja ta ce ma. Da shi take neman ruwa, da shi take cewa ƙuda ya dame ta, da shi take fushi. Ranar da na koma karɓo ƙwayoyi, majo ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau yana kunnena.

"Magani zai riƙe tansiyo, amma ba zai maido da magana ba. Ku yi ta yi mata hira safe da yamma, ta ji, ta gwada. Watannin nan na farko su ne masu amfani. In suka wuce, abin yakan yi wuya."

Na gwada. Nakan zauna bakin tabarmarta in tambaye ta kwana, in gaya mata akuya ta haihu, in gaya mata an yi hadari a gabas bai zubo ba. Daga nan sai in ji kaina fayau. Ta dube ni, rabin bakinta ya yi dariya, don ta san mutumin da ta aura. Da farko mata na shigowa dubiya, gidan ba ya rabuwa da murya. Ke Rabi kin zo daga El Allassane da jinjiri a baya, kin yi kwana goma, dangin mijinki suka aiko. Kai Lawali kana can arewa wurin neman kuɗi, salularka sai a yi wata ba ta shiga. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya ɗauki sungumi, masu dubiya suka ɗauke ƙafa. Gidanmu kuma a ƙarshen gari yake tun da na fita daga gandu. Matar ƙanena takan aiko da hura da rana, ta zo ta juya ta, ta koma gona. Sauran wunin innarku na kwance ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida ita kaɗai, ba mai ce mata komai. In ban yi noma ba, ba mu ci ba. In na yi noma, watannin majo na tafiya.

A nan tunanin aku ya zo mini. Ina saurayi na je cin rani Kano, na ga wani a shagon mai sayar da yadi. Yana sallama, yana amsa sallama, yana kiran mai shagon da suna, yana tari irin na tsoho, har kiɗan buɗe tashar radiyo yake yi. Na ce a raina, ga abin da ba ya gajiya da surutu, ba ya zuwa gona, ba a aiko a ce ya koma gidan miji. Ban taɓa kiwon tsuntsu ba in ba kaza da zabo ba, ban san farkon abin ba balle ƙarshensa. Amma ina da wanda ya sani. Habu na zaune Tasawa yana fataucin tantabaru da zabi, kuma direbobin da ke zuwa Kurmi sukan kawo mishi aku jefi-jefi. Na sayar da ragon da nake turkawa don layya, na hau kabu-kabu na tafi.

Na same shi a zaure yana ba tantabaru dawa. Tun kafin in zauna ya fara, wai Bebe ya shigo birni, a ɓoye madubai kada ya tsorata. Na bari ya gama, sa'annan na ce mishi,

"Habu, yau ba wasa ya kawo ni ba."

Na gaya mishi komai, har maganar majo da watannin farko. Ya ce subhanallahi, matarsa ce fa, har ya kai bakin riga ido. Ya ja ni bayan zaure inda ya jera keji uku. Na farko tsirya ce koriya mai dogon bindi, irin wadda muke kora daga gona, shi da kansa ya ce wannan ihu kawai ta iya. Na biyu ƙaramin aku ne, gashinsa buzu-buzu, idonsa baƙi-baƙi kamar wanda bai warware ba, yana ta kaɗa kai sama da ƙasa yana ƙara, bakinsa a buɗe. Da na miƙa yatsa sai ya cafke yana tsotsa. Na uku babba ne, toka-toka sumul kamar an shafa mishi mai, bindi ja kamar garwashi, idonsa fari mai rawaya kamar ƙwayar masara. Yana tsaye a ƙafa ɗaya bai ce uffan ba. Da na matsa kusa ya kumbura ya yi wani gurnani daga cikin maƙoshi.

Ni manomi ne, abin da na sani rago da sa. In za ka sayi rago ka dubi ƙirji, ka dubi tsayuwa, ka ga gashi ya kwanta, ka guji mai yawan kuka da zabura. Da wannan idon na dubi tsuntsayen nan. Ƙaramin na ce ko ciwo ko hauka. Babban na ga ƙirji, na ga natsuwa, har gurnanin na ɗauka ƙarfi ne. Amma ban yarda da idona kaɗai ba, na tambaya.

"Wanga babban, yana magana?"

"Bebe, ka taɓa ganin malami ya buɗe baki a gaban jahili? Wanga ya sauke. Kunyar baƙo yake ji. Ka ba shi kwana arba'in, sai kun roƙe shi ya yi shiru."

Na tambayi ƙaramin, ya ce mura gare shi, da wuya ya ga ƙarshen damana. Na ce mishi tsakaninka da Allah. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce tsakaninsa da bawansa dai. Sai daga baya, ina tsakiyar gona, na lura ya ƙi kama sunan Allah. A lokacin na ɗauka bakin Habu ne da ba ya iya kalma uku ba tsiya a ciki. Ya ce kullum in zan fita in yi wa tsuntsun sallama sau uku, ya taya ni ɗaure kejin a bayan moton ɗan kabu-kabu, muka rufe da rawanina saboda rana.

Da na kware rawanin a gaban innarku, ranar ce ta farko tun kwanciyarta da na ga idonta ya dawo irin na da. Ta yi ƙoƙarin tashi zaune, ta ce ma, ma, tana nuna jan bindin da hannun hagu. Na gaya mata abin da Habu ya ce, kwana arba'in. Na rataye kejin a reshen bedi daidai inda hannunta zai kai. Abincinsa ma ban sani ba. Na ba shi tuwo ya watsar, na ba shi hatsi ya dube ni, na sa hannu in gyara mishi ruwa ya fasa mini babban yatsa har ƙashi, tabon na nan. Innarku ce ta gano gujiya. Takan fasa kwanson da haƙori ta fitar da ƙwayar da hannu ɗaya, ta miƙa ta tsakanin wayoyin kejin ta yi ta jira. Sati biyu yana mata gurnani, ita kuma ba ta da inda za ta. Ran nan ya sauko ya karɓa. Daga baya har kai yake sunkuyar mata ta sosa. Ta sa na ajiye mata gwangwanin tumatir a gefen tabarma, kowace safiya ta jefa kwanson gujiya ɗaya a ciki, tana ƙirga kwanakin.

Nakan yi mishi sallama uku in ɗauki hauya in fita, sai la'asar. In na shigo in dube ta, ta girgiza kai. Habu ya zo dubiya sau ɗaya cikin kwanakin nan, da ƙullin dabino. Ya zauna ya yi ta ba'a, innarku na ƙoƙarin rama mishi ba ta iyawa, sai ma, ma. Ya leƙa kejin ya ce malam bai gama halwa ba. Kwanso arba'in suka cika, ta zazzage su a kan zane ta jera ta nuna mini. Na ce ƙila namu ya fi na kowa kunya. Ta ci gaba da jefawa har gwangwanin ya cika ya zuba.

Malam Bulus ne ya gaya mini gaskiya. Kun san shi, kiristan nan na ƙauyen yamma da ya ajiye aiki a ma'aikatar dabbobi, yake yi wa awaki allura. Ya zauna Kamaru da ƙuruciya, ya yi kiwon aku a can. Ya zo duba mini akuya mai zawo, ya gaida innarku, ya tsaya gaban kejin ya daɗe yana kallo. Da ya gama da akuyar sai ya ce in raka shi waje. A bakin ƙofa ya ce mini aku a ido ake gane shekarunsa. Ɗan ƙarami idonsa baƙi ne, yana girma yana washewa, in ya koma rawaya irin ta wannan to ya daɗe a duniya. Ya ce gurnanin nan na wanda aka kama da danƙo a daji ne bayan ya girma cikin ƴan'uwansa, irinsu da wuya su ɗauki maganar mutum. Wanda ake nema shi ne mai baƙin ido, mai kaɗa kai, mai tsotsar yatsa, don wannan roƙon abinci yake yi, ya ɗauki mutum uwarsa, duk abin da ya ji a gidan zai kwashe. Na gaya mishi na ga irinsa a keji na biyu, an ce mini mura gare shi. Ya tambaye ni wa ya zaɓa mini.

"Ni na zaɓa. Taubashina mai sayarwa ya tabbatar."

"Duk mai sayar da aku ya san ido kamar yadda ka san haƙorin rago," in ji shi. Ya ɗaure jakarsa a keke, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tafi.

Da safe na ɗauko rawani zan rufe kejin in mai da wa Habu kayansa. Ina kai hannu innarku ta cafki wayar kejin da hannun hagu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Ta ce ma, ma, da ƙarfi, hawaye na bin gefen da ya karkace. Tsuntsun ya sauko ya tsaya jikin yatsunta yana mini gurnani. Na saki. Ban gaya mata abin da Malam Bulus ya ce ba, har ta koma ga Allah ban gaya mata ba. Ko ta gane, ban sani ba. Ta daina jefa kwanso dai.

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada ku ce na wanke kaina. Majo cewa ya yi in yi mata magana. Ni kuma na je na sayo wanda zai yi a madadina, na rataye shi a reshe, na tafi gona da zuciya sake. Fiye da wata biyu na watannin da aka ce su ne masu amfani, na bar ta da abin da ba ya cewa komai. Wannan nawa ne, kuma tsakanina da Allah yake, kullum ina ɗauke da shi. Amma jahilci ya sa ni, na je wurin mai sani na ce mishi ba wasa ba, shi kuma yana da mai baƙin ido a keji na biyu.

Daga ranar na riƙa barin gona da azahar. Lokacin maimai ne, ciyawa ta cinye gonar jigawa ina kallo, shekarar rabin rumbu muka samu. Nakan zauna bakin tabarma in tilasta wa bakina. Na lissafa mata gonakin garinmu da masu su tun kakanni. Na ba ta labarin kowane rago da na taɓa turkawa da halinsa. Na yi mata karatun lakwal da ya saura a kaina, wanda ni ma ban san ma'anarsa ba, tana dariya da rabin baki. Wata rana da la'asar na ce mata gobe zan gyara dangar da awaki suka karya, sai na ji ta ce to. Sarai ta fito. Na ce ta sake, ta sake. Kalmata ce da na yi shekara ashirin ina ba ta, ita ce ta dawo mata. Majo ya ce mun makara amma mu ci gaba. Ba ta ƙara samun wata ba.

Hatsi ya fara nuna aka yi suna a Atantane, gidan wani ɗan'uwanmu. Ban so zuwa ba, amma zumunci ne. Na isa an riga an raɗa suna, mai moto ya sauke ni ta bayan gida, inda aka kewaye maza da zana. Muryar Habu na fara ji. Yana ba da labarin yadda Bebe ya shigo birni neman malamin da zai koya wa bebiya magana, ya tsaya yana duba ƙirjin aku kamar ragon layya, shi kuma ya haɗa shi da limamin bebaye, wanda ya shekara biyu a zaure ba mai tayawa. Ya ce yanzu gidan bebe uku ne, in ka yi sallama akuya ke amsawa. Aka yi dariya. Wallahi da a nan ya tsaya, da na shiga na zauna na jira ranar ramuwa. Ta kafar zana na gan shi ya miƙe, ya saki hannun dama yana lilo, ya karkatar da baki gefe ɗaya, ya ja numfashi ya ce ma, ya sake ja ya ce ma. Ya iya sosai. Ashe abin da ya zo ɗauka ke nan ranar dabino. Wasu suka kwashe da dariya, wasu dattawa suka sunkuyar da kai, ba wanda ya ce mishi bari.

Ban shiga ba. Na juya zan nemi moto sai na yi karo da Goggo Ai a ƙofar mata. Ta ga fuskata, ita ma ta ji abin da na ji. Ta riƙe mini hannu.

"Taubashinka ne, ɗana. Bakinsa ne haka tun yana goye. Kada ka ba mu kunya, wanda ya yi fushi shi ya faɗi."

Na ce mata to, na koma gida na fasa wa innarku gujiya.

Ana cikin yankan hatsi ciwon ya sake bugunta. Na je ɗauko damman hatsi da safe, na dawo na same ta ƙarƙashin bedi ba ta gane kowa, kafin azahar ta cika. Sauran kun sani, ke Rabi kin zo kin same ta an yi wanka, kai Lawali a salula ka ji bayan kwana huɗu. Habu ya zo gaisuwa ya zauna a gaba, ya fi kowa kuka. Na ba shi hannu saboda mutane. Da aka yi sadakar bakwai kowa ya watse, gidan ya koma ni da awaki da keji. Niyyata in ba Malam Bulus tsuntsun, don ya ƙi cin komai, yana ta fizgar gashin ƙirjinsa. Ran nan da hantsi ina yaɓen rumbu, hannuna duk laka, sai na ji an ja numfashi a bayana an ce ma, an sake ja an ce ma. Na sauko na shiga ɗakinta na ɗaga labule. Na san an binne ta, da hannuna na sa ta, amma na shiga na duba. Ina fitowa ya sake yi daga reshen bedi, yana kallona da idon nan mai rawaya. Malam Bulus ya ce yakan faru, abin da ya ji kullum daga bakin wadda ya yarda da ita ne ya zauna mishi. Na sayo shi ya koya mata magana, ita ta koya mishi abin da ya rage mata. Ban ba da shi ba. Har yau in na shigo daga gona shi yake yi mini, bai ƙara komai a kai ba, kuma daga hannuna yake cin gujiya.

Abin da yanke Habu ya jawo mini kun gani da idonku. Goggo Ai ta rasu ba ta amsa gaisuwata. Na kira gayya shekara biyu a jere, dangin uba ba wanda ya zo da hauya. In ana biki sai in ji a bakin mutane bayan an watse. Ke Rabi an yi miki gori a gidan miji, kai Lawali ka taɓa ce mini a kaikaice ai tsuntsu tsuntsu ne. Ban ce muku ku daina gaida shi ba, kawunku ne, ku gaishe shi. Ni dai ba zan iya ba, kuma na gaji da a yi ta aiko mini da dattawa kowace salla.

Cika-ciki ya zo bayan arba'in ɗin innarku da ƴan kwanaki. Da safe na ji moto ya tsaya, na ji tsintsiya a ƙofar gida, na ji Habu yana kiran Bebe ya fito ya sallami ubangidansa. Maƙwabta suka taru kamar kowace shekara, suna ganin zai ɗebe mini kewa. Na fito. Ya jingine tsintsiyar ya sauko da kwando daga bayan moto, ya buɗe. Ƙaramin aku ne mai baƙin ido, yana kaɗa kai, bakinsa a buɗe. Ya ce ga na gaske ya kawo mini, in ba shi tsohon can ya kai wa masu magani, jan gashin bindinsa suke nema. Ya ɗauki tsintsiya ya ci gaba da shara yana murmushi. Daga cikin gida aka ja numfashi aka ce ma, aka sake ja aka ce ma. Tsintsiyar ta tsaya a hannunsa. Matan da ke bakin danga suka dubi juna. Na matsa har ina jin warin tabarsa, na ce mishi,

"Ka ji ta? Ya fi ka iyawa. Kai ka yi a Atantane don a yi dariya, ina bayan zana ina kallonka. Shi yana yi don ta ciyar da shi da hannu ɗaya. Ran da na zo wurinka na ce maka ba wasa ya kawo ni ba. Wasa tsakanina da kai ne, Habu, ko wuyana ka taka ba zan tanka ba. Ita mara lafiya ce, tana kwance tana ƙirga kwana arba'in ɗin da ka ba ta. Ɗauki tsuntsunka, ɗauki tsintsiyarka. In sun ce wanda ya yi fushi shi ya faɗi, ka gaya musu na faɗi. Kada ka ƙara share mini ƙofa."